Takwara da Birkin Jar Mota

Talata

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar uwa wadda ba ta yankewa, ina fata kana lafiya, da kai da surukata da yaran duka. Ka gaishe min da angona, ka ce masa idan na dawo na tarar haƙoransa na gaba ba su fito ba, na fasa auren. Ni lafiya ƙalau, sai gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida. Na sauka gidan Yayarka lafiya, suna gaishe ku.

Ka yi haƙuri da rubutun nan mai kama da sawun kaji. Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka bari in kai aya.

To, ga maganar aiken da ka yi mini. Ka ce in zo in ciro 'yarka Takwara daga garejin nan, in kawo maka ita kafin ƙarshen wata, don kujerar ofis ɗin da ka samar mata ba za ta jira ba. Na ce to. Ni ma ban ga abin da 'ya mace mai takardar makaranta za ta tsinta a ƙarƙashin mota ba, ban da baƙin mai da ciwon baya. Amma ka san ba na yanke hukunci daga bakin ƙofa. Yau na bi ta wurin aikin.

Auta, na ɗauka juji zan tarar. Wallahi daɓen wurin ya fi falonka tsabta, kada ka gaya wa surukata. Wasu ginshiƙan ƙarfe biyu ne ke ɗaga mota sama ɗungurungum, mutum ya shiga ƙarƙashinta a tsaye kamar ya shiga rumfa. Sifanu a rataye a bango, daga ƙarami zuwa babba, kowa da ƙusarsa. Maigarejin gajere ne mai sanƙo, tabarau a wuya, magana kamar sayenta yake yi. Ya sa aka kawo min kujera, kafin azahar duk ma'aikatan sun mai da ni kakarsu.

Ina zaune na ji wani gurnani. Ba a kunne na fara jinsa ba, a ƙirji. Sai ga wata jar mota ta shigo, cikinta na neman shafar ƙasa, kujera biyu tak, tayoyinta kamar turmi. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Na zuba ido in ga saurayin da zai fito, sai ga tsoho sa'ana. Fitowarsa ta fi zuwansa daɗewa: ƙafa ɗaya, nishi, ɗaya ƙafar, salati. Tsohon matuƙin jirgin sama ne, Kyaftin suke ce masa. Na ce masa sannu da haihuwa. Bai yi dariya ba.

Birki ya zo a canja masa, har da kayansa a kwalaye, ya yi odarsu daga waje, wai irin na motocin tsere. Bari in koya maka abin da na koya, don na san kai ban da taka feda ba abin da ka sani. A bayan kowace taya akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita. Sai wasu 'yan abubuwa biyu masu faɗi, takalmin birki suke ce musu, su ne ke matse faifan ta gaba da baya, kamar ka kama bakin tire da yatsu. Shi ke nan fa. Duk gurnanin nan, duk gudun nan, abin da ke ce masa tsaya bai kai silifas ɗina ba. Na ɗauki ɗaya na jujjuya, na ce ikon Allah.

Sabon faifan Kyaftin kuwa abin kallo ne, yana ƙyalli, an huhhuda shi kamar rariya. Ma'aikata suka kewaye shi suna shafawa. Takwara ce aka ba aikin, amma ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗaga motar, ta cire tsofaffin, ta kai su bakin taga wurin haske. Ta bi faifan da babban yatsa. Ta auna kaurinsa da wani ɗan ƙarfe mai baki kamar na ƙaguwa. Har sunsuna takalmin ta yi. Sannan ta rusuna ta tambayi Kyaftin yadda yake tuƙa motar, da wane lokaci.

Ya gyara tsayuwa ya ce shi duk mako sai ya fita babbar hanya ya ƙure maleji.

Sai ta ce, Baba ya yi haƙuri, ƙarfen bai ce haka ba. Ta ce faifan da ya sha gudu yakan yi shuɗi-shuɗi don zafi, wannan kuwa tsatsa ce a bakinsa, takalmin kuma ya yi sulɓi irin na takawa a hankali. Motar nan gajeriyar tafiya take yi, sannu-sannu, tun ba ta ɗumama ba. Abin da ya sayo kuwa ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi jau. Don haka ita ba za ta ɗaura shi ba.

Auta, Kyaftin ya cika ya yi fam. Maigareji ya goge sanƙonsa ya ce a bari sai gobe. Ni kuwa na ce a raina, yarinyar nan ba sunana kaɗai ta ɗauka ba, har da bakin.

Ban yi mata maganarka ba tukuna. Ba a yi wa mai ɗauke da kaya tsegumi.

Ka gai da kowa.
Tsohuwarka.

Alhamis

Autana,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, ya jikin surukata da murar da ta ce tana yi? A ba ta ruwan ɗumi, kai kuma ka rage sa ta magana. Ni dai jikina lafiya, zuciyata ce ba ta zauna ba.

Da alama za ka samu 'yarka ba tare da na buɗe baki ba. Bari ka ji.

Jiya Takwara ta yi iya ƙoƙarinta. Ta jera wa Kyaftin takalman birki kala uku a kan tebur. Na farko mai taushi, ba ya ƙara, ba ya ɓata taya da baƙar ƙura, amma in aka matsa masa da gudu sai ya saki. Na biyu matsakaici, yana kamawa tun takun farko da sanyin safiya, kuma yana jure zafi daidai gwargwado. Na uku nasa, na tsere. Ta ce wannan jarumi ne a filinsa, amma sai an tashe shi da wuta. Da ta zo kan faifai ta ce mai hujin nan ya fi kyau a ido, sai dai tsagewa takan fara daga bakin huji, ita sumul mai kauri za ta zaɓa masa. Ina jinta kamar ina jin likita. Yarinyar da na goya, wadda ta yi min fitsari a zane ba sau ɗaya ba!

Kyaftin ya ce ya sauke jirgi mai mutum ɗari biyu a cikin hadari tun ubanta bai san ɗaura wando ba. Na so in ce har yanzu ma uban nata bai gama ƙwarewa ba, amma na rufa maka asiri.

Maigareji ya ja ta gefe ya lallashe ta, ya ce mai mota shi ke da motarsa. Ta ce haka ne, amma hannun nata ne. Sai ya naɗe hannun riga ya ɗaura kayan da kansa.

Suna wannan aiki, ni da Kyaftin aka bar mu a kan benci kamar kayan da aka manta a tasha. Na miƙa masa shayi daga filas ɗina. Na ce masa ni ban san ƙarfe ba, amma na san tsohon da ke cika baki don wani abu na cinsa, na zauna da irinsa shekara arba'in, Allah ya jiƙan ubanka. Ya kurɓi shayin. Can sai ya ce matarsa ce. Sau uku a mako yake kai ta asibiti wankin ƙoda da sassafe. Suna da wata motar, amma ita ta ce sai ja, wai a cikinta ne kaɗai ba ta jin kanta majinyaciya. Yana tuƙa ta kamar ya ɗauko ƙwai, don ko ɗan girgiza yana sa ta amai. Rabonsa da gudu shekara biyu. Kayan tseren nan ya saye su ne don ya tuna wa kansa har yanzu shi ne. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa a garejin. Kai ba ka gareji, amma ka riƙe bakinka.

Ka ji fa, Auta. Abin da na sha wuya na ciro daga bakin mutumin nan da shayi da dabarar tsufa, 'yarka ta karanta shi a jikin ƙarfe da babban yatsa.

Da la'asar aka je gwaji a wata tsohuwar hanya da aka rufe a bayan masana'antu. Rana ta gasa kwalta. Maigareji ya yi ta kai da kawowa har kayan suka ɗau zafi, sannan ya taho a guje ya taka. Motar ta tsaya cak kamar an kafe ta da ƙusa. Aka yi ta tafi. Kyaftin ya dubi Takwara ya ce to, malama, me ƙarfen ya ce yanzu? Ya ƙara da cewa muddin tana wurin, shi da abokansa sun bar kawo mota. Maigareji bai iya kallon idonta ba, ya ce mata ranar Asabar ta tattara kayanta.

Ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar motar ta kwana a gareji, a sake gwadawa da safe tun ba a ɗumama ta ba. Kyaftin ya ce ba shi da lokacin wasan yara.

Nan fa Shaiɗan ya zauna min a kafaɗa, kuma da muryarka ya yi magana. Ya ce ki yi shiru, tsohuwa, ga yarinya ta faɗo miki a hannu, Asabar ku kama hanya. Na kusa bin shawararsa. Amma na tuna baiwar Allahn nan da ban taɓa gani ba, a zaune a kujerar gaba da sanyin safiya. Na daddage na miƙe, na ce ashe haka matuƙan jirgi suke, suna shiga hadari amma safiya ɗaya na ba su tsoro? Na ce in dai ya gaskata kayansa, kwana ɗaya ba zai cinye su ba. Ma'aikata suka ƙyalƙyale. Ya harare ni, ya jefa wa Maigareji makulli, ya ce Juma'a da safe, don yau Alhamis yana da uzuri. Ni na san uzurin.

Takwara ba ta ci abincin kirki ba tun jiya. Na ɗauka aikin take wa baƙin ciki. Ta ce a'a Kaka, aiki ana samun wani, ita tsoronta kada mutumin nan ya fita da motar a haka. Ban san ko gaskiyarta za ta fito gobe ba. In ba ta fito ba, ka gyara mata ɗaki.

A yi mana addu'a, ko da yake ban san wace za ka yi ba.
Mahaifiyarka.

Asabar

Zuwa ga Autana, uban Takwara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar wadda ta ga abin mamaki ta kwana lafiya. Yaya gida, yaya yara, yaya aiki? Ka nemi wuri ka zauna, wannan takardar ba ta karatun tsaye ba ce.

Jiya da sassafe muka hallara a tsohuwar hanyar nan, raɓa ba ta bushe ba, kowa hannu a hammata. A kan babbar mota aka ɗauko jar motar, don kada a taɓa birkinta a hanya. Takwara ta ja layi da alli a kan kwalta, ta ƙirga taku, ta jera kwalaye marasa komai a gaba. Ta ce ba gudu ake so ba, tafiyar cikin gari kawai, in ya zo kan layi ya taka. Kyaftin ya ce shi zai tuƙa da kansa.

Da ya gama naɗe kansa ya shiga, na leƙa ta taga kamar zan yi masa tsiya. Na ce masa a hankali, kada ya taka irin takun Maigareji na ranar Laraba, ya taka irin takun da yake yi idan matarsa tana gefensa. Ya dube ni, ya tayar da motar.

Ya taho a natse. Ya zo layi, muka ga jar fitilar baya ta kama. Sai wani ƙara ƙiiii kamar ana jan ƙarfe a kan dutse, motar kuwa ta ci gaba da silalowa abinta, kamar yaron da ake kira yana yi kamar bai ji ba. Muka ga ya danna da ƙarfi daga baya, amma ina! Ta kwashe kwalayen, ɗaya ya hau gilashi, ɗaya ya shige ƙarƙashi, sannan ta tsaya.

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya yi tafi. Kyaftin ya daɗe a ciki, hannu biyu a kan sitiyari. Da ya fito bai ko yi nishin nan nasa ba. Ya tsaya a gaban kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya ce in ɓoye. Ya ƙara da abin da ni ma bai gaya min ba, wai gidansa a kan tudu yake, gangaren ƙofar gidan kuma a mahaɗar hanya yake ƙarewa, inda manyan motoci ke wucewa. Takun birkinsa na farko kullum a nan ne. Ya cire hularsa ya ce wa Takwara, 'yata, zaɓa min.

Na ɗauka za ta ɗan ja aji, don ni da na ja. Ko kaɗan. Ta ce Baba kayansa ba su da laifi, ya adana takalman, ranar da Mama ta warke ya samu filin tsere ita da kanta za ta ɗaura masa. Kyaftin ya juya baya yana gyaran tabarau da ba su karkace ba.

Muka koma gareji. Ta ɗauko matsakaicin takalmin nan da faifai sumul mai kauri. Na ja kujerata kusa, na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan. Ta kankare mazaunin faifan har ya yi fes, ta ce ko tsatsa kamar ƙwayar yashi ta rage a ƙarƙashi, faifan zai zauna a karkace, sitiyari ya riƙa rawa. Ta wanke sabon faifan da wani ruwa mai warin asibiti, daga nan ba ta ƙara taɓa fuskarsa da hannu ba. Kowane noti ta ɗaure shi da wata doguwar sifana da ke yin ƙas idan ya kai ƙarfinsa, ba ƙari ba ragi. Ba ta gaggawa, ba ta nawa. Maigareji da kansa ya tsaya yana miƙa mata kaya. Ban ji ya ba ta haƙuri ba, irinsu ba su iya ba. Na dai ji ya ce akwai motoci biyu da ke jiranta ranar Litinin, kada ta makara.

Na ce an gama ke nan? Ta ce saura a sabar da su. Wai sabon takalmi da sabon faifai baƙin juna ne, sai an fita da su an gasa su tare kafin su san juna. Kujera biyu ce a motar. Kowa ya ɗauka Kyaftin zai shiga, sai ya buɗe ƙofa ya ce Hajiya mai baki, bismillah, mu ga ko bakin zai dawo da ke.

Auta, na shiga. Mutum biyu suka saka ni kamar ana cusa matashi a riga. Takwara ta ɗaura min bel, ta ce in na ji tsoro in ɗaga hannu. Na ce ni na haifi ubanki, me ya rage in ji tsoro?

Da muka hau tsohuwar hanyar nan, ta taka totur. Wallahi ban san me ya faru ba. Wani abu ya danna ni cikin kujera kamar ƙato ya zauna min a ƙirji. Bishiyoyi suka zama zane ɗaya kore. Duk addu'ar da na haddace ta gudu ta bar ni, sai bismillar cin abinci ta rage, ita na yi ta maimaitawa. Kafin in gama, ta taka birki. Duniyar da ta narke ta dawo ta tsaya a wurinta, bishiya ta koma bishiya, ɗankwalina ya sauko kan hanci. Amma ba ta bari motar ta tsaya cak ba, tana kaiwa tafiyar ƙafa sai ta sake takawa. Wai in ta tsaya da zafi, takalmin zai bar sawunsa a jikin faifai. Sau goma, Auta. Na ƙirga.

A na huɗu na daina salati na fara kallonta. Fuskarta a kwance kamar tana tsintar shinkafa. Kanta a ɗan karkace, tana sauraron wani abu da ni ban ji. Dabbar nan mai gurnani, wadda ta fi dawaki ɗari huɗu ƙarfi in ji su, tana tashi tana kwanciya da tafin ƙafar yarinyar da na koya wa tafiya. A na bakwai wani wari ya shigo kamar an bar tukunya a wuta, ta yi murmushi ta ce sun fara gaisawa. A na goma na ji wata tsohuwa tana ihu tana cewa a ƙara. Na duba, ba kowa a motar sai ni.

Daga nan muka yi ta zagaye a hankali, iska na sanyaya ƙarfen. Na daɗe a duniya, na ga haihuwa na ga mutuwa, amma ban taɓa zama kusa da mutum na ga yana yin ainihin abin da aka halicce shi domin shi ba sai jiya.

Yau da sassafe aka sake jera kwalayen. Kyaftin ya taho, ya yi takunsa na ɗaukar ƙwai. Motar ta tsaya shiru, ba ƙara, ba girgiza. Na taka da ƙafata daga hancinta zuwa kwali, taku tara, da gwiwar tawa.

To, ga amsar aikenka. Ba zan kawo ta ba. Ban ma gaya mata ka aiko ni ba, kuma kada ka kuskura ta ji. Kujerar ofis ɗin ka ba ɗan wani, akwai masu nema da yawa, Allah ya sa musu albarka. Na san tsoro ne ya sa ka, ba ƙi ba, kana gudun kada a raina maka 'ya. Ka kwantar da hankalinka, na ga wanda ya gwada.

Jibi da sassafe wata mata za ta gangaro daga kan tudu a cikin jar mota, mijinta na riƙe da sitiyari, manyan motoci na wucewa a ƙasa. Abin da ke tsakaninta da su, bayan kiyayewar Allah, aikin hannun 'yarka ne. Ni zan yi barcina har da minshari. In kai kana da wani aikin da ya fi wannan da za ka ba ta, faɗa min in ji.

Ina nan tafe ranar Laraba, ni kaɗai. Ka zo tasha da wuri. In fushi za ka yi, ka yi shi ka gama kafin in iso, don ba ni da ƙarfin lallashi.

Allah ya yi muku albarka, kai da ita.
Taka har kullum,
Kakar bakanike.